Wace Tsomawa Ce Ta Rina Najeriya?

Akwai musun da ba ya tsufa a majalisun ƙasar nan, daga tabarmar ƙofar gida har bencin mai shayi. Ana cikin hirar tsadar masara ko ta zaɓe, sai wani ya ce ai tun ranar kaza ƙasar nan ta kama hanyar da take kai, shi ke nan an buɗe babi. Malamin zaure zai ce 1804 ce, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Ɗan boko zai ce a'a, 1914 ce, lokacin da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu ba tare da ya shawarci kowa ba. Dattijon da ya ga zamanin Sardauna ba ya ma son a ja maganar, shi a wurinsa komai ya rushe ne a daren 15 ga Janairu, 1966. In akwai Ibo mai shagon kayan mota a wurin, zai ce ku yi ta lissafinku, wanda bai san yaƙin basasa ba bai san Najeriya ba. Kowa da ranarsa, kowa kuma da hujjarsa.

Ni ma ina da tawa, amma kafin in faɗe ta ina so mu leƙa marina, don ban san wani aiki da ya yi kama da wannan magana kamar rini ba.

Karofin Ƙofar Mata a Kano rami ne mai zurfi, ya fi tsayin mutum, an shafe cikinsa da laso don kada ya sha ruwa. Marini yakan cika shi da ruwa, ya zuba toka da katsi, ya kawo baban da aka daka aka cuccura aka busar ya zuba, sannan ya rufe bakin ramin ya bar shi kwana da kwanaki yana ruɓa. Yana zuwa yana motsa shi da muciya har kumfa mai shuɗi ta taso, warin nan da duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin ya sani ya cika iska. Sai a lokacin ake kawo zane. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne zanen ba ya fitowa shuɗi daga cikin ramin. Kore-kore yake fitowa, yana ɗigar ruwa. Marini zai matse shi, ya ware shi ya bari iska ta buge shi, a gaban idonka sai ka ga koren nan yana juyewa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake fitarwa, ya sake ba iska haƙƙinta. Mai son shuɗi mai haske ba ya daɗewa. Mai son baƙi wuluk irin na turkuɗi kuwa, sai a wuni ana abu ɗaya. In ka tambayi marini wace tsomawa ce ta ba zanen launinsa, zai ce maka kowace a kan 'yar'uwarta ta hau.

Tsomawar 1804 mai ƙarfi ce, wannan babu ja. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, a 1809 aka kafa Sakkwato, tutoci suka kai har Adamawa da Bauchi da Nufe da Ilori. Ta bar mana sarauta mai littafi a bayanta, da alƙalai, da tarin rubuce-rubucen Shehu da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Abin da ya fi waɗannan duka daɗewa a jinin mutanen Arewa shi ne tunanin cewa malami yana da ikon ya tsaya gaban sarki ya ce masa ya yi zalunci. Tunanin nan ne ya sake ɓullowa a bakin Malam Aminu Kano da 'yan NEPU daga 1950. Sai dai zanen da aka tsoma a 1804 ba fari ba ne. Kano ta riga ta yi Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, sarakunan Kanem kuwa sun karɓi Musulunci tun ƙarni na 11.

Akwai kuma maganar ɗauri. Kafin a kai zane marina, mata a cikin gida sukan ɗaɗɗaure wasu wurare da zare, tam-tam, yadda ruwan baba ba zai shiga ba. Idan an gama rini aka kwance, wuraren nan sai su fito farare, su ne zanen adon da ake gani. Jihadi ma ya haɗu da ɗauri. Barno ta tsaya a ƙarƙashin Shehu Laminu, Argungu ta ƙi miƙa wuya, sarakunan Katsina na dā suka koma Maraɗi, na Gobir suka zauna Tsibiri, na Zazzau suka kafa Abuja wadda yau ake kira Suleja. Mutanen duwatsun Filato da ƙasar Tibi ba su shiga daular ba, kuma abin da kakanninsu suka bar musu na labarin wancan zamani ya fi karkata ga hare-haren kamun bayi. Wajibi ne mu da muke alfahari da daular mu iya jin wannan ba tare da mun fusata ba. Ƙasar Ibo da Bini da bakin teku kuwa, ruwan bai ma kai can ba. To lamarin da rabin zane bai ji shi ba, ta yaya za a ce shi kaɗai ya rina ƙasa?

Masu 1914 sun fi kowa ɗaga murya, kuma ina ganin sun fi kowa ba wa takarda girman da ba ta da shi. Turawa sun riga sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a shekarar. Haɗewar 1 ga Janairu, 1914 maganar baitulmali ce: gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta, Ingila ta gaji da cike giɓi, Kudu kuma na da kuɗin kwastan na tashoshin ruwa. Aka haɗe asusu. Mutanen fa? An tsoma zanen, amma ba a ware shi iska ta buge shi ba. Kowane ɓangare ya ci gaba da zama ƙarƙashin mataimakin gwamnansa. Majalisar dokokin da aka kafa a Legas a 1922 ba ta yi wa Arewa doka. Sai a 1947, bayan shekara 33, wakilan Arewa da na Kudu suka zauna a zaure ɗaya. A tsawon wannan lokaci tazarar boko tana ta faɗi. Legas ta sami makarantar sakandare ta mishan tun 1859, makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano sai 1909, Kwalejin Katsina kuma sai farkon shekarun 1920. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Shi ya sa da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1953, shugabannin Arewa suka ce ba su shirya ba, aka yi musu ihu a Legas, bayan 'yan makonni jini ya zuba a Kano. Abin da ya raba mu a wannan rana ba sa hannun Lugga ba ne, abin da aka ƙi yi ne a shekarun da suka biyo bayansa.

In ma haɗa mutane ake nema, layin dogo da ya iso Kano a 1911 ya fi takardar Lugga aiki. Shi ya kwashi gyaɗa zuwa Ikko, ya kawo akawu da makaniki daga Kudu suka cika Sabon Gari, ya sauƙaƙa wa fatake kai shanu Kurmi su dawo da goro. Ba a yi masa ranar hutu ba, amma a cikin taragonsa ne talakan Arewa da na Kudu suka fara zama kafaɗa da kafaɗa.

Ranar 1 ga Oktoba, 1960 kuwa rana ce ta farin ciki, kuma ta cancanci a tuna ta. Amma tuta aka sauya, jihohi uku da baitulmalinsu da jam'iyyunsu suna nan yadda tsarin 1954 ya tsara su.

Ba zan yi gaggawar wuce 1966 ba, don wannan tsomawa da jini aka yi ta. A dare ɗaya aka kashe Sardauna Ahmadu Bello, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiya Akintola na Yamma, da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. A watan Yuli sojojin Arewa suka rama, aka kashe Janar Ironsi. A watan Mayu, sannan a Satumba da Oktoba, aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba, waɗansunsu a nan aka haife su. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 aka yi yaƙi, yunwa ta kashe ƙananan yara a Biyafara ba adadi. Kowane ɓangare ya haddace rabin wannan jerin, rabin da aka yi masa. Rashin yardar da ke tsakaninmu har yau daga nan ta yi kauri, daga nan kuma soja ya ɗanɗana mulki ya riƙe shi kusan shekara 29 a zango biyu. Bautar ƙasa da aka kafa a 1973 da tsarin raba daidai a muƙaman tarayya duk ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka ne. Duk wanda ya ce 1966 ce babbar rana, ba zan ce masa ya yi kuskure ba.

Amma ni abin da na zaɓa ba shi da rana ɗaya, kuma ba a yi shi da ƙarar bindiga ba. Tsakanin 1967 da 1979 aka sauya ruwan karofin kansa.

Mu tuna da me ake rini kafin nan. Gwamnatin Jihar Arewa da gyaɗa da auduga da fatu take rayuwa, ta Yamma da koko, ta Gabas da manja da ƙwarar kwakwa. Hukumar ciniki tana sayen amfanin gona a farashin da ta yanka, ta sayar waje, ta riƙe rarar. A ƙasa kuma ga En'e da baitulmalinta, wadda haraji da jangali ke cikawa. Da kaka ta yi, mai unguwa zai bi gida-gida da sunayen magidanta da samarin da suka isa biya, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Takardar haraji kuwa mutum yakan naɗe ta ya soke a cikin hula ko aljihun 'yar ciki in zai yi tafiya, don ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna. Da irin wannan kuɗi, kuɗin gumin manomi, aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da shi Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a 1955, ya buɗe gidan talabijin a Ibadan a 1959. Da shi aka gina Jami'ar Nsukka a 1960. Ko ma'adinai ne, tsarin mulkin 1963 ya ce rabin kuɗin da aka samu na jihar da aka haƙo su ne.

An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma sai bayan yaƙi ya zama uban tafiya. Najeriya ta shiga OPEC a 1971, tsakanin 1973 da 1974 farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. Sojoji kuma, waɗanda yaƙi ya koya musu tsoron jiha mai ƙarfi, suka riƙa jawo komai tsakiya da dokokin soja. Man da ake haƙowa a cikin teku ya zama na tarayya a 1971. Kason yankin da ake haƙo mai ya sauko daga kashi 50 cikin ɗari zuwa 20 a 1975, ya kai har kashi ɗaya da rabi a 1982, kafin tsarin mulkin 1999 ya mayar da shi 13. Jihohi suka tashi daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, har 36 a 1996, ga ƙananan hukumomi 774, kowa na jiran ƙarshen wata a zauna a Abuja a raba. A daidai wannan lokaci farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kwantar da noman gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta ɓace, kuma babu wanda hankalinsa ya tashi sosai a gidan gwamnati, tunda albashi ba daga can yake zuwa ba. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Kada a ɗauka ina kewar haraji. Akwai zalunci a cikinsa mai yawa. An shanya dattawa a rana saboda shi, an tilasta wa manomi sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, ko ya ja akuyar matarsa kasuwa. Fulani sun sha kwana a daji da shanu suna gudun masu ƙidayar jangali, wani abin da aka karɓa kuma bai taɓa isa baitulmali ba. Soke shi adalci ne, kuma waɗanda suka yi shekaru suna shan ɗauri da bulala don a soke shi sun yi gaskiya. Abin da nake cewa shi ne akwai wata igiya da ta tsinke tare da shi, ba a kuma ɗaura wata a madadinta ba. Mai mulkin da cikinsa ya dogara da gonarka dole ya damu ko an yi ruwa a garinku, ko akwai hanyar da mota za ta shiga ta kwaso buhuna, ko an yi wa shanu allura. Mai biya kuma yana da baki. Matan Aba sun tayar da ƙura a 1929 saboda jin za a sa musu haraji. Matan Abekuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti sun matsa har Alake ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Manoman koko na Agbekoya sun yi bore a 1968 da 1969 har aka rage musu haraji. Rabin wa'azin NEPU a ƙauyuka a kan haraji da aikin tilas yake. Talaka yana cewa kuɗina ne, kuma gaskiya ya faɗa.

Marinan Kano sun ga irin wannan sauyi a sana'arsu da galura ta shigo. Ita ba ta bukatar rami, ba ta bukatar a jira baba ya ruɓa, ba ta bukatar manomin baba ko mai kawo toka. Garin launi ne daga waje, a kaɗa a ruwan zafi cikin rabin ganga, kafin azahar an gama. Da yawan karofi haka suka mutu aka cike su da shara, ilimin haɗa ruwan kuma ya tafi da tsofaffin da suka san shi. Kuɗin mai haka ya yi wa mulki. Ya kawo launi mai ɗaukar ido cikin sauri: gadoji, jami'o'i, sabon babban birni, ƙarin albashin Udoji da ya cika gari da babura da rediyo. Amma gwamna ya daina bukatar manomi, sai ranar zaɓe.

Ina ganin yawancin halayen da muke kuka da su daga nan suka samo tushe. Siyasa ta koma maganar kaso, kowa na neman jiharsa da ƙaramar hukumarsa don a buɗe masa famfo. Ƙidayar jama'a ta zama fagen daga tunda yawan kai na cikin ma'aunin rabo, ta 1973 soke ta aka yi, kuma tun 2006 ba a sake yin wata ba. Ɓarawon dukiyar gwamnati yana samun masu kare shi a garinsu, don ana ganin kuɗin ba na kowa ba ne, nasu rabon ya ɗebo. A yankin Neja Dalta, inda ake haƙo arzikin, ruwan sha da na kamun kifi suka gurɓace, Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas suka ƙare a kan igiya a 1995. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, akwai inda aka yi shekaru ba a ga jami'in gona ko na dabbobi ba, yau kuma 'yan bindiga ne ke yanka wa manoma kuɗin da za su biya kafin su shiga gonakinsu. Ban ce mai ne kaɗai ya jawo wannan ba, amma wurin da gwamnati ba ta da abin karɓa, ba ta cika ganin dalilin tsayawa ba.

Za a ce mini ai ba don 1914 ba da babu asusu ɗaya da za a zuba kuɗin, ba don 1966 ba da babu sojan da zai jawo shi tsakiya. Haka ne, na yarda, kowace tsomawa a kan wata ta hau. Hujjata ɗaya ce. Jihadi ya bar wurare farare, boko ya shiga wani gefe ya bar wani, yaƙin basasa ma akwai garuruwan da a rediyo kawai suka ji shi. Wannan ruwa na ƙarshe ne kaɗai babu ɗaurin da ya tare shi. Ya ratsa Illela kamar yadda ya ratsa Bonny, ya shiga masallaci ya shiga coci, ya shiga fadar sarki ya shiga ofishin ƙungiyar ƙwadago. Bakano da Bayarabe da Ibo suna iya saɓawa a kan komai na tarihi, amma dukansu da ido ɗaya suke kallon gwamnati: wurin da ake rabo.

Yanzu kuma ruwan ya fara sanyi. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin mai, wanda shi ne ɗan abin da talaka yake gani a matsayin kasonsa, litar da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000. A ƙarshen 2024 gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon harajin kayayyaki, don ya fi ba da ƙarfi ga inda aka tara kuɗin, aka yi ta ja-in-ja har aka yi gyare-gyare kafin a sa wa dokokin hannu a watan Yunin 2025. Gardamar nan ita ce dai ta 1971 da 1975 ta dawo, sai dai wannan karon gwamnati aljihun ɗan kasuwa da ma'aikaci take nufa, don mai ya daina isa. Jihohin da za su iya biyan albashi da abin da suke tarawa a cikin gida 'yan ƙalilan ne, Legas ce a gaba, yawancin namu na Arewa kuwa ba za su iya ba in aka rufe famfon Abuja.